Sunan Baba Tela a Jikin Dutse

"Ni dai na gaji, Baba! Na gaji da ganin sunanka cikin na matattu, alhali ga ka nan zaune kana hura shayi."

Bangon da ya raba ɗakin da nake haya da gidan Baba Tela sunan bango kawai gare shi. In ya yi atishawa, daga kan gadona nake yi masa sannu, ya amsa. To a wannan safiya ba atishawa na ji ba, faɗa ne, kuma muryar autarsa ce, wadda ke aikin jinya a asibitin gari, mace mai sanyin hali da ban taɓa jin ta daka wa ko kyanwa tsawa ba.

"To ki daina kallon wajen mana, Auta," in ji shi. Keken ɗinkinsa bai ko sassauta ba.

"In daina kallo? Ta nan motarmu take bi safe da yamma. In riƙa rufe ido kamar mai laifi? Kwamiti sun ce tunda ana gyaran dutsen, yanzu ne lokaci. Mai sassaƙa zai zo ranar Laraba ya ji daga bakinka. Kalma ɗaya ce, Baba. Ka ce a cire."

"Ba zan ce ba."

"Saboda me?"

"Saboda kin cika min kunne, ga shi na karkata ɗinkin mutane."

Na ji an ture kujera. Sai muryar Inna, matarsa, daga can wajen murhu: "Ke rabu da shi. Mutumin da ya mutu tun kafin a haife ki, ke ce za ki koya masa zaman duniya?" Ba wanda ya yi dariya. Ƙofa ta bugu. Keken ya ci gaba da ƙara, amma na lura ya fi ɗazu sauri.

Dutsen da suke faɗa a kai yana tsakiyar shataletalen da ke gaban tsohuwar tashar mota. Baƙi ne, mai fuska huɗu, ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, an zagaye shi da shingen ƙarfe da yara suka lanƙwasa da hawa. A jikinsa an sassaƙa sunayen 'yan garin nan da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, hafsa da kurtu duk girman harafi ɗaya. Sunan Baba Tela yana fuskar da ke kallon kantin magani, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mai tsayuwa, inda ruwan sama ke fantsamo laka.

Labarin da kowa ya sani gajere ne. Yana matashi, sabon aure, bai gama koyon ɗinki ba, aka ɗebe su soja. Wata rana aka tsinci gawa a ramin yaƙi, fuska ba ta ganuwa, sanye da kwat ɗin soja mai sunansa ɗinke a cikin wuya. Aka binne ta a can, aka aiko wa gida da labari. Yaƙi ya ƙare, gari ya kafa dutse, aka yi jawabai, aka watse. Sai ga shi wata rana ya sauko daga mota a tashar nan, ƙashi da fata, daga sansanin fursunonin yaƙi. Abu na farko da ya karanta a garinsu sunansa ne.

Tun daga ranar ake ce masa Marigayi, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

"Marigayi, ina kwana?" in ji masu shaguna.

"Lafiya lau. Ya duniyar taku? Har yanzu kuna nan kuna wahala?"

Mahauci ya fi kowa tsokanarsa. "Marigayi, ya labarin can?" Shi kuma ko juyowa ba ya yi: "Ana ta tambayarka. Awakin da ka yanka sun yi layi."

Shagonsa ɗakin gaban gidan ne. Keke ɗaya na ƙafa, wanda fentinsa ya goge a daidai inda tafin hannunsa ke sauka. Tebur mai tabon guga. Gwangwanin madara cike da maɓallai marasa 'yan'uwa. Da wannan ɗaki ya ciyar da gida, ya yi wa yara makaranta, har autar ta zama ma'aikaciyar jinya. Yanzu da kowa ke sayen kayan kanti, gyara ya fi yi: canjin zip, rage ƙugu, facin gwiwa. Yakan yi faci ta ciki, ya bi saƙar yadin da allura a hankali, har mai wandon ya rasa inda ya yage. In ka yaba, sai ya ce ido ne ya fara yi maka rauni.

Abu biyu na lura da su a zamana kusa da shi. Na farko, duk safiyar Asabar yakan ɗauki bokiti da buroshi ya nufi shataletale. Ba wanda ya sa shi. Yakan ɗaura buroshin a kan sanda ya fara daga sama, ya wanke kashin tattabaru, ya bi fuska huɗun nan suna bayan suna. Nasa yake bari ƙarshe. Nan zai durƙusa da ƙyar, ya ciro tsohon buroshin haƙori daga aljihu, ya bi cikin kowane harafi, leɓensa na motsi. Na biyu, ba ya ɗinka suna a jikin tufa. In iyaye suka kawo kayan makaranta suka ce a sa wa yaro suna a wuya don kada ya ɓata, zai ɗinka komai tsaf, ya ce sunan kuwa a kai wa telan bakin kasuwa. Ko an roƙe shi ba ya yi.

Mutanen gari sun gama yanke hukunci: tsoho ne mai tsoron Allah, yana yi wa abokan yaƙinsa hidima. Ni kuwa ban cika yarda da labarin da ya yi sumul haka ba. Mutum ya durƙusa duk mako yana goge sunan kansa da buroshin haƙori, a ce ba son kai a ciki? Na ga yadda yake gyara zaman hularsa in baƙi suka tsaya ɗaukar hoto, wani ya nuna musu shi ya ce ga ɗaya daga cikin na jikin dutsen can yana tafe. Na ga yadda sunan ke yi masa aiki. In aka kira taron unguwa ba ya son zuwa, sai ya aika a ce mamaci ba ya halartar taro. A ganina, in aka cire sunan nan, abin da zai rage tsohon tela ne mai rage ƙugun wando, kuma ya fi kowa sanin haka.

Da wannan zargin na ɗauki wandona mai yagaggen aljihu na shiga shagon, da hantsin ranar da aka yi faɗan.

Ya juya wandon ciki waje, ya yi tsaki. "Maƙwabci, me kake zubawa a aljihun nan, ƙusoshi?"

"Makullai ne. Baba, in yi maka tambaya, kada ka ji haushi."

"Tunda ka ce haka, ka san zan ji. Ai na san ka ji mu da safe, bangon nan ba ya riƙe sirri. Tambaya."

"Kana jin daɗin sunan nan a dutse, ko?"

Ya zare allurar da ke bakinsa, ya soka ta a ƙirjin rigarsa, ya dube ni ta saman tabarau. Na zaci zai kore ni. Sai ya yi dariya har ya ƙware.

"Ina ji mana! Wa ya taɓa jin yabon da ake yi masa bayan ya mutu? Ni na ji. Wanda ya kore ni daga shagonsa saboda na ɓata masa yadi, an ce shi ya fi kowa kuka. Rabin yabon ƙarya ne, amma ƙarya ce mai daɗi." Ya share idonsa. "To ka samu abin da ka zo nema? Ko akwai saura?"

"Akwai. Me ya sa ba ka ɗinka suna?"

Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana laluben zare mai launin wandona a cikin akwati, ko da yake yana gabansa.

"A barikin soja komai ɓata yake yi," ya ce. "Ka shanya safa, ka juya, ta yi ƙafa. Sauran sukan yi wa kayansu alama da biro, wanki biyu ta goge. Ni kuwa ɗan koyon ɗinki ne, ina ji da kaina. Na sami jan zare, na ɗinka sunana a wuyan komai: riga, hula, bargo, kwat. Ɗinki kuwa mai kyau, irin wanda sai an yanka yadin kafin ya fita. Ina alfahari da shi.

"Muna kan duwatsu lokacin, ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi har cikin haƙori. Sai aka haɗo mu da ragowar wata runduna da aka tarwatsa. A cikinsu akwai wani ɗan guntun mutum, ba kwat, ba bargo, harshenmu ma kaɗan-kaɗan yake ji. Tari yake yi ba tsayawa. Mai Tari muke ce masa. Ba wanda ya tambayi sunansa. A wajen nan ba ka tambayar sunan sabon zuwa, don kada ka saba.

"Yanzu kai kana jira in ce tausayinsa na ji. Auta ma haka ta ɗauka, haka na bar ta ta ɗauka. Ba tausayi ba ne. Kusa da ni yake kwana, tarinsa ya hana ni barci. Ina da rigar ulu da Innarsu ta saƙa min, na ce bari in jefa masa kwat ɗin ko zan samu in runtsa. Ya saka, hannun ya rufe masa yatsu, ba ya iya riƙe bindiga. Sai na naɗe masa hannun ta ciki na ɗinke. Ka san wane irin ɗinki?"

Na ce ban sani ba.

Ya ɗauki wani ƙyalle, ya ninka bakinsa, ya bi shi da allura tsalle-tsalle, kowane ɗinki da tazara mai faɗi, bai ƙulla ƙarshen ba. Ya miƙo min. "Ja." Na ja bakin zaren, ya zare gaba ɗaya, ninkin ya sauko kamar ba a taɓa yi ba.

"Wannan na yi masa. Ɗinkin gwaji ne, na kafin a tabbatar. Tela ba ya yin sa sai in ya san zai warware. Ina da lokacin da zan yi masa na gaske, ina da zare. Amma aro na ba shi, kuma ina so hannun rigata ya dawo min yadda yake. Ranar da sanyi ya ƙaru kuwa, da sassafe na ce ya ba ni abina. Ya riƙe wuyan kwat ɗin da hannu biyu, ya ce, 'Tela, bari rana ta fito.' Na zage shi. Zagi sosai. Sai aka tura mu ɗebo ruwa a kwari, can aka kama mu. Su kuma da muka bari a rami, bam ya same su kafin ranar ta fito."

Keken yana tsaye. A waje wata mota tana ta danna ƙaho.

"Da na dawo na yi yawon ofisoshi. Me zan ce musu? Ina neman wani gajere mai tari? Mutuwarsa ni aka rubuta wa. Shi kuwa a wajensu ƙila ɓata ya yi, ƙila ma sun ce gudu ya yi. In yana da uwa, ta mutu tana duban hanya, ko tana jin kunyar maƙwabta. Jan zarena ya yi masa wannan. Duk duniya ba inda aka rubuta cewa mutumin nan ya mutu a bakin aiki, sai layin can na gaban kantin magani. Da sunana yake kwance a kabari, da sunana yake tsaye a dutse. In ce a cire? In sake ce masa ba ni abina?"

Ya zura zare a allura. "Ka dawo Laraba da safe ka karɓi wandonka. Ka kuma sayi abin rataye makullai."

Na fito da zargina a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba. Bai ƙaryata ni ba. Daɗin yana nan, gyaran hula yana nan. Abin da ban hango ba shi ne mutum zai iya cin ɗan daɗin abu yana kuma ɗauke da nauyinsa, shekara da shekaru, bai bar ɗaya ya kori ɗaya ba. Ya bar gari yana yi masa dariya, ya bar 'yarsa tana ɗaukarsa mai tausayi, duk don kada ya tsaya yin bayanin da zai sa a ce, ai ba komai, a cire kawai.

Washegari na bi ta shataletale. An kafa katakai a jikin dutsen, mai sassaƙa yana sama yana sabunta haruffan da ruwa ya cinye. Auta tana tsaye a ƙasa da fararen kayan aikinta, jaka a kafaɗa, tana tambayarsa yadda ake cire suna.

"'Yar'uwa, wannan ba alli ba ne a allo," ya ce yana kaɗe ƙura daga gemunsa. "Sai na gurza wajen har in kai zurfin harafin, ya zama kwarmi. In cike shi da siminti mai launi. Damina kaɗan launin zai bambanta. Duk wanda ya zo, wajen zai fara kallo, ya ce wa aka cire, me ya yi?"

"Gara kwarmin," ta ce.

Muka taka tare zuwa inda take jiran mota. Na ce mata ko tsokanar mutane ce ta dame ta. Ta harare ni.

"Tsokana? Tun ina firamare ake ce min 'yar Marigayi. Da ita na girma, ko a jikina." Ta gyara jakarta, ta dubi titi. "Watan jiya na sa masa abin sauraron ƙirji. Ya ce wasa nake yi da shi, ya yi ta ba ni dariya. Ni kuwa na ji abin da na ji. Aikina ne, na san ƙarar zuciyar da ta gaji. Magani ma sai na tsaya a kansa yake sha. Da can in na wuce dutsen nan, abin dariya nake gani. Yanzu duk safiya kafin in isa asibiti sai na yi rashinsa sau ɗaya. Ga sunan nan a shirye, an gama komai, shi kaɗai ake jira."

"Kina ganin in an cire..."

"Na san ba ya hana komai! Kada ka koya min aikina." Motar ta tsaya, ta sa ƙafa ɗaya, ta juyo. "Na san labarin mutumin da ya ara wa kwat. Allah ya jiƙansa. Amma ban san shi ba. Ubana na sani."

Ita ma gaskiyarta ce.

Ranar Laraba na je karɓar wando, na tarar da su duka a shago. Auta ta ɗauki hutun safiya don ta kasance a wurin in mai sassaƙa ya zo. Tana zaune a kan benci, hannu a harɗe. Baba Tela yana ta guga a kan rigar da ta riga ta gogu. Na ce bari in dawo anjima, Inna ta ce daga ƙofar ciki, "Zauna, ɗan nan. Ko ka koma ɗakinka ji za ka yi, gara ka ji da kyau."

Ta shigo rungume da wani abu nannaɗe a tsohon zani. Warin kafur ya cika ɗakin. Ta ture rigar da yake gogewa, ta shimfiɗa abin a kan tebur. Kwat ɗin soja ne, ya koɗe, gefe ɗaya ya ƙone ya yi tauri.

Baba Tela ya ajiye gugar a hankali. "Ba na ce ki bayar da wannan ba?"

"Ka ce. Abu nawa ka ce a gidan nan?"

Auta ta miƙe. Ashe ba ta taɓa ganinsa ba. Ta buɗe wuyan, ga sunan ubanta da jan zare, ko harafi ɗaya bai tashi ba.

"Ba nan za ki duba ba," in ji Inna. Ta juya hannun kwat ɗin. Ga ninkin, ga ɗinkin nan tsalle-tsalle, ga bakin zare yana lilo. "Ranar da aka kawo min wannan, gida cike da masu gaisuwa, na shige ɗaki na rungume shi. Sai hannuna ya taɓa nan. Na san ɗinkin ubanki ko a duhu. Na ce to, dogon mutumin da daga kan gado yake miƙa hannu ya kashe fitilar da ke bakin taga, me zai yi da rage hannun riga? Na fita da gudu na ce wa kakarki, ba shi ba ne. Ta toshe min baki, ta ce in yi shiru, kada in kashe mata ɗa sau biyu."

"Sai kika yi shiru?" in ji Auta.

"Na yi. Na koma cikin mata na zauna. Kuma na yi kuka, kada ki ce ban yi ba. Kowa ya ɗauka mijina nake yi wa. Ni kuwa na san wani ya mutu a cikin rigar nan, kuma in ban yi masa ba, ba mai yi masa." Ta dubi mijinta. "Kai ka ɗauka kai kaɗai kake riƙe da shi? Wa yake dafa maka ruwan wankin dutse in ana sanyi?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Na zage shi, Auta," ya ce can. "Ran da zai mutu, da safe. Na ce ya ba ni rigata. Ba don kirki na ba shi ba tun farko. Ban taɓa gaya miki ba."

Inna ta kama hannun 'yarta ta ɗora shi a kan bakin zaren. "Ga shi nan. Ja ɗaya ne, hannun ya sauko, riga ta koma ta ubanki. Ni na sha ɗauko shi in ja, na kasa. Shi ko kallonsa ba ya iya yi. Ke ce mai ƙarfin zuciya, kullum kina ganin gawa. In kin ja, ni da kaina zan ce wa mai sassaƙa ya gurza, ko tsohon nan ya yarda ko bai yarda ba."

Auta ta riƙe zaren da yatsu biyu. Ta daɗe a haka. Sai ta sake shi, ta zura hannunta cikin hannun kwat ɗin. Auta ba doguwa ba ce, a asibiti sai ta taka ɗan benci take rataya ledar ƙarin ruwa. Bakin hannun ya tsaya mata daidai wuyan hannu, kamar ita aka auna.

"Ashe ɗan ƙarami ne," ta ce.

Ta zare hannunta. Ta tura bakin zaren cikin ninkin da farce, ta lallaɓe shi ya kwanta. Daga nan ta zagayo tebur ta kama wuyan hannun ubanta, idonta a kan agogon da ke maƙale a ƙirjinta, kamar yadda take yi wa marasa lafiya. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ka sha maganin safe?"

"Zan sha."

"Yanzu za ka sha, a gabana. Kuma daga yau ba kai ba durƙuso a gaban dutsen can. Ka wanke na sama da sandarka. Na ƙasan ni zan riƙa yi."

"Ba ki iya ba. Sai an bi cikin harafin."

"Ni da nake wanke ciwo? Ba ni buroshin kawai."

Ana cikin haka aka yi sallama. Mai sassaƙa ne, guduma a rataye a ɗamara, gemu fari fat da ƙurar dutse. Baba Tela ya dubi 'yarsa. Ta saki hannunsa, ta juya tana naɗe kwat ɗin a cikin zanin.

"Je ka mana, Baba, ana sallama da kai."

Ya mayar da tabarau, ya gyara zaman hularsa kamar yadda yake yi in baƙi za su ɗauki hoto, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dafa ta.

"Marigayi, barka da hantsi," in ji mai sassaƙa. "Kwamiti na jira. Me zan ce musu, a cire ko a bari?"

"A bari," in ji Baba Tela. "Ka ma ƙara masa zurfi, ruwa ya fara cin sa. Akwai mai amfani da shi yanzu. Ran da na zo, ya matsa min."